Sai na canza rediyon motata saboda DAB?

Ɗan'uwa, ka ce motarka ta 2012 ce, FM kaɗai take kamawa, kana tsoron wata rana ka kunna ka ji shiru saboda DAB, wato rediyon dijital da ke maye gurbin FM a wasu ƙasashe. Tsoron nan yana da tushe, amma ya danganta da ƙasar da kake tuƙi. Norway ta rufe FM na manyan tashoshinta a 2017, gidan rediyon gwamnatin Suwizalan kuma ya bi sahu a ƙarshen 2024. Tun Disambar 2020 dokar Tarayyar Turai ta wajabta rediyon dijital a sababbin motoci. Ingila da Jamus dai har yanzu FM na aiki.

Ba sai ka cire rediyon ba. Akwai 'yar na'ura da ake jona wa soket ɗin wutar mota, ta kamo DAB ta tura sautin zuwa rediyonka ta wayar AUX, wato wayar shigar da sauti. Ka tabbata an rubuta DAB+ a jikinta, domin tsohuwar DAB ba ta gane sabon tsarin.

Inda mutane ke yin asara shi ne eriya. FM na tsakanin 87.5 da 108 MHz, DAB kuwa 174 zuwa 240, don haka tsohuwar eriyarka ba lallai ta wadatar ba. Wadda ake mannawa a gilashin gaba, sai siririn jan ƙarfenta ya taɓa ƙarfen motar sosai. Na damu da wannan ne saboda dijital ba ya shuu-shuu kamar FM: in sigina ta yi rauni, muryar ɗauke wa take yi ɗif, ana tsakiyar labarai.

In Amurka kake, kada ka sayi na'urar, wani tsarin dijital daban mai suna HD Radio suke amfani da shi.