Kuɗin kyamara da harajin mai ɗaukar hoto

Malam, kan tambayarka ko za a rage maka haraji idan ka sayi Canon R5: e, amma da sharaɗi. Kyamarar ta fito a 2020 kan dala 3,899, ban da gilasan da ake ɗaura mata (lens), waɗanda su ne ma ke cinye aljihu.

Sharaɗin shi ne, kayan aiki masu daɗewa irin wannan ba a cire kuɗinsu lokaci guda daga kuɗin shigar da ake lissafa haraji a kai, ana rarraba shi ne kan shekaru. Tunda a Abuja kake, hukumar harajin babban birnin tarayya za ka miƙa wa bayanin kuɗin shigarka kafin ƙarshen Maris. Karɓi rasit mai sunanka ko da a kasuwar kayan lantarki ta Banex ka saya. In hoton biki kawai kake yi, ni dai ta hannu zan saya.