Tambaya da Amsa: Wa Aka Nuna wa Wariya a Duniyar da Babu Ita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai son karanta littattafan almara na Turawa, irin waɗanda marubuci ke ƙago wata duniya ta daban mai dodanni da matsafa da yaƙe-yaƙe. Kwanan baya ƙawata ta ce mini waɗannan labarai cike suke da wariyar launin fata, ni kuwa na ce mata ai halittun da ke ciki ba su ma wanzu ba, to wa aka nuna wa wariya? Don Allah a raba mana gardama. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Gaskiya ce halittun ba su wanzu ba, amma marubucin da ya ƙago su mutum ne da ya taso a cikin al'umma, kuma da abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji yake gina duniyar tasa. Saboda haka ƙawarki tana da hujja, ko da yake a ganina matsalar ta fi ƙarfin launin fata kaɗai.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake raba halittu jinsi-jinsi, a ce wannan jinsi dukkansa masu hikima ne da kyawun sura, wancan kuma dukkansa mugaye ne tun daga haihuwa, babu mai tuba a cikinsu, babu kuma mai tausayi. Wato an mai da hali abin gado da ke gudana a jini, zanen dutsen da ba ya goguwa. Wannan tunani kuwa shi ne ainihin wanda aka yi amfani da shi wajen halatta cinikin bayi da mulkin mallaka, lokacin da aka riƙa cewa wasu al'ummu an halicce su ne domin a mulke su. Duk labarin da ya saba wa mai karatu da ganin kashe wani jinsi gaba ɗaya a matsayin jarumta, ba tare da ya taɓa tambayar ko akwai mai gaskiya a cikinsu ba, ya koya masa wani abu mai haɗari ko da marubucin bai yi niyya ba.

Misalin da aka fi kawowa shi ne J.R.R. Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955. A wata wasiƙa ta 1958 ya siffanta mugayen halittunsa da ake kira Orc da faffaɗan hanci da idanu masu karkata, har ya kwatanta su da mutanen Mongol, sannan a cikin littafin mayaƙan kudu masu duhun fata da ke tafe da manyan giwaye suna ɓangaren abokan gaba. Sai dai adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen. Shi wannan mutum, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu a 1892, ya fusata a 1938 sa'ad da wani kamfanin ɗab'i na Jamus ya nemi ya tabbatar cewa ba shi da jinin Yahudawa, kuma ya fito fili ya nuna ƙyamarsa ga mulkin wariya. A cikin littafin ma akwai wani wuri da ba na mantawa, inda ɗaya daga cikin jaruman ya tsaya a kan gawar wani mayaƙin kudu, yana tunanin ko mene ne sunansa, ko da gaske mugu ne, ko kuwa yaudara da barazana ne suka raba shi da gidansa. Wannan ya nuna mini cewa mutum na iya ƙin wariya da zuciyarsa, alhali hotunan zamaninsa suna sulalewa cikin alƙalaminsa.

Marubuta ba su zauna sun zura ido ba. Tun 1968 Ursula Le Guin ta sanya jarumin labaranta na Earthsea ya zama mai launin fata ja-ja zuwa ƙasa-ƙasa, kuma ta yi ƙorafi sosai da aka ba Bature fari matsayin a shirin talabijin na 2004. A 2020 kamfanin da ke wallafa wasan Dungeons & Dragons (wasa ne da 'yan wasa ke kwaikwayon jaruman duniyar almara) ya sanar cewa zai daina nuna wasu jinsuna a matsayin mugaye ta asali.

Shawarata ita ce kada ki daina karatu, amma duk sa'ad da kika ci karo da jinsin da aka la'anta, ki tambayi kanki: shin ɗaya daga cikinsu yana da ikon zaɓar hanyarsa, kuma da waɗanne mutanen duniya aka kamanta shi? Ki kuma nemi littafin Who Fears Death na Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Najeriya, wanda ya tunkari ƙiyayyar ƙabilanci kai tsaye. Da ta ci kyautar World Fantasy ta labaran almara a 2011, abin da aka miƙa mata shi ne ɗan mutum-mutumin H.P. Lovecraft, marubucin da ya shahara da ƙin baƙaƙen fata, ta kuwa rubuta yadda abin ya sosa mata rai. Bayan bikin 2015 aka daina ba da wannan mutum-mutumi.