Ƙanena, kafin ka hau motar Accra

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma ji buƙatarka: kana so ka zo Accra in sama maka aikin lodin kaya a filin jirgin sama, tunda ka ga hotona da riga mai ƙyalli ina tsaye gaban jirgi. Wai har Inna tana gaya wa maƙwabta ɗanta yana aikin jirgi. Allah sarki Inna. Ɗanta ɗan dako ne, sai dai a gindin jirgi yake dakonsa.

Nauyin kaya ba zai gagare ka ba, na san ƙarfinka. Abin da nake tsoro shi ne rawar ƙafarka. Idan jirgi ya sauka ya tsaya, akwai wata jar fitila da ke walƙiya a samansa da ƙarƙashin cikinsa, alamar ba a kashe injin ba tukuna. Muddin tana walƙiya, ba mai matsawa kusa, ko da oga yana daka maka tsawa cewa lokaci na tafiya. Injin nan zuƙar iska yake yi ta gaba, kuma bai san bambancin iska da mutum ba. A ranar 31 ga Disamba 2022, a garin Montgomery na Amurka, inji ya zuƙe wata ma'aikaciya irinmu. Sau biyu aka tara su kafin jirgin ya iso, aka ce injin zai ci gaba da aiki, kowa ya dakata. Tana ɗauke da ɗan mazubin robar nan da muke jerawa kewaye da jirgi, ta gifta ta gaban injin. Shi ke nan. Amurka fa, ba inda za a ce babu horo ba.

Amma abin da ya fi cin mutane kullum ba inji ba ne, ƙananan motocin nan ne masu jan amalanken kaya da mai tura jirgi baya. Da idona na ga wani abokin aikina ya sa hannu zai haɗa ƙarfen amalanke da mota, direba bai hango shi ba ya ɗan taɓo baya. Yatsu biyu suka tafi. Da aka cire masa safar hannu sai da na kau da kai. Ƙarfe huɗu na asuba ne, kuma dukkanmu mun zarce aiki tun daga daren jiya. Shi direban ma ihu aka yi masa bai ji ba, don kowa kunnensa a toshe yake saboda ƙara. Idan ka ƙi toshewa kuma, nan da 'yan shekaru sai an ɗaga murya kafin ka amsa. Ni kaina da dare a ɗakina na unguwar Nima wani siririn kuka nake ji a kunnen hagu.

Ko wanda ke wajen katanga bai tsira ba. A 2 ga Yuni 2012 wani jirgin dakon kaya daga Legas ya zarce titin sauka cikin ruwan sama, ya fasa shinge ya afka wa motar haya, wadda a nan ake kira trotro, kusa da filin wasa na El-Wak. Aƙalla mutum 10 suka rasu, duk a ƙasa suke.

Sai maganar takardu, wadda na ga ka tsallake a saƙonka. Fasfon ECOWAS zai ba ka zaman kwana 90 ba biza, amma ba izinin aiki ba ne. Izinin aiki daban ake nema a hukumar shige da fice, ga katin baƙi, ga binciken da ake yi kafin a ba ka katin shiga inda jirage suke. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ba ma'aikaci damar janye jikinsa daga aikin da ya ga zai halaka shi, akwai kuma dokar diyya ta 1987 ga wanda ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki. To amma wa za a biya idan sunanka ba ya cikin littafin kowa? Duk dillalin da ya ce zai shigar da kai ta bayan gida, ko da katin wani, guje shi. Abokin nan nawa ya samu ɗan abin da ya samu ne don sunansa na rubuce.

Ban ce kada ka zo ba. Ka fara samun lasisin tuƙi, ka gyara Turancinka, don duk gargaɗin da za a yi maka a nan da shi ne. Ka kuma tara kuɗi, masu gidaje a Accra hayar shekara ɗaya ko biyu suke karɓa a dunƙule. Tabarma dai akwai a ɗakina.

Ka gaishe da Inna. Maganar yatsun nan kada ta ji.