Zan bar shafin da nake ɗora hotunan iyalina, yaya zan kwashe ba tare da asara ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekara tara ke nan ina ɗora hotunan 'ya'yana uku a wani shafin intanet, ina rubuta ɗan bayani a ƙarƙashin kowane hoto, kamar ranar da babbar ta fara tafiya ko ranar da haƙorin autan ya fito, domin mahaifiyata da 'yan'uwana da ke nesa su riƙa sanin halin da muke ciki. Yanzu shafin ya rage wurin da yake bayarwa kyauta, ya ce ko in biya ko in rage hotuna, ga shi sun haura dubu shida. Wane shafi zan koma, kuma yaya zan kwashe kayana ba tare da na rasa komai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ya same ki ya samu mutane da yawa kafin ke, domin kamfanonin nan sun daɗe suna buɗe ƙofa da kyauta, sai jama'a sun cika sun saki jiki sannan a sauya sharaɗi. Shafin ajiye hotuna na Flickr ya bai wa kowa terabait guda (wato gigabait dubu) kyauta a 2013, amma bayan kamfanin SmugMug ya saye shi a 2018 sai aka taƙaita asusun kyauta zuwa hotuna 1,000 kacal. Google Photos ya fara a 2015 da alkawarin ajiya marar iyaka, sai ya janye alkawarin daga ranar 1 ga Yuni, 2021. Kodak Gallery kuwa rufewa ya yi gaba ɗaya a 2012, aka miƙa hotunan mutane ga Shutterfly. Banza ba ta kai zomo kasuwa: ajiye hotunan miliyoyin mutane yana cin na'urori da wutar lantarki da albashin ma'aikata, kuma ko ba daɗe ko ba jima wani zai biya. Saboda haka duk shafin da zan ambata miki, ki ɗauka cewa wata rana shi ma za ki iya barinsa.

Wannan ne ya sa nake ganin tambayar wane shafi za ki koma ita ce ta biyu. A shekarun nan tara shafi ɗaya ya yi miki aiki biyu, ya zama rumbun ajiyarki, ya kuma zama wurin da dangi ke leƙowa su ga yara. Ki raba ayyukan nan tun yanzu. Ajiya ta koma hannunki, a faifan ajiya na waje da kika mallaka, da kwafi na biyu a wani faifan da ba ya ɗaki ɗaya da na farko. Shafin intanet ya zama kwafi na uku kuma wurin nuni. Ko manyan kamfanoni suna yin ɓari: a 2019 MySpace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙi da hotuna da bidiyon da mutane suka ɗora tsawon shekaru, a lokacin da yake sauya na'urorin ajiyarsa.

Hotunan kansu su ne mafi sauƙin ɗauka. Ki shiga saitunan asusunki ta kwamfuta, ki nemi wurin da ake buƙatar a tattara wa mutum dukkan bayanansa, domin yawancin manyan shafuka suna da shi. Na Google sunansa Takeout, yana ɗaure kayan a manyan ƙunshi, ya aiko da saƙon imel idan sun kammala, kuma damar saukewa ba ta wuce kimanin mako guda, don haka kada ki nema sai kin shirya wurin zubawa da intanet mai ƙarfi. Idan an ba ki zaɓi, ki zaɓi girman asali. Ki guji bin hotuna ɗaya bayan ɗaya kina dannawa kina ajiyewa daga fuskar waya, domin sau da yawa ƙaramin kwafin da aka matse don kallo ne kike samu, wanda zai yi kyau a waya amma ya dushe ranar da kika so a wanke shi babba a rataye a bango.

Inda ake yin asarar gaske shi ne labarin da ke tare da hotunan. Kowane hoto da waya ko kyamara ta ɗauka yana ɗauke da ɓoyayyen bayani a cikinsa da ake kira EXIF, wanda ya ƙunshi rana da sa'ar ɗauka, da irin na'urar, wani lokaci har da wurin da aka tsaya. Da shi ne sabon shafi zai jera miki hotuna bisa shekaru. Amma hoton da ya biyo ta WhatsApp ta hanyar da aka saba, an matse shi kuma an cire masa wannan bayani, shi ya sa idan kika loda irinsu a sabon wuri za ki tarar hoton jaririn da aka ɗauka shekara bakwai da suka wuce ya zauna a ranar da kika yi lodi, kusa da hoton jiya. Akwai 'yar dabara a nan: a wayoyin Android sunan fayil ɗin yakan zo kamar IMG-20190314-WA0007, kuma lambobin tsakiya su ne ranar da hoton ya iso wayar, wato 14 ga Maris, 2019. Kada ki canza irin waɗannan sunaye kafin ki gama tsari.

Rubuce-rubucen da kika yi a ƙarƙashin hotuna kuwa, da martanin da mahaifiyarki ta rubuta ranar da ta ga jikarta a tsaye ba mai riƙe ta, waɗannan yawanci ba a cikin hoton suke ba, suna can a ma'ajiyar kamfanin. Google da Flickr sukan ba da irin wannan bayani a wasu ƙananan fayiloli dabam masu ƙarewa da JSON, waɗanda idan aka buɗe su sai a ga rubutu cakuɗe da baka da alamomi. Mutane da yawa suna ɗaukarsu shara su goge. Na taɓa zama da wani magidanci da ya yi hakan domin ya samu wuri a faifansa, sannan ya rufe tsohon asusun a daren. Hotuna duk suna nan, amma da ya buɗe na wata tsohuwa riƙe da jariri sai ya kasa tuna wane ne daga cikin 'ya'yansa, amsar kuwa tana cikin abin da ya goge. Ki adana fayilolin nan tare da hotunan ko da ba ki iya karanta su ba. Wanda ya san kwamfuta zai iya amfani da manhaja kamar ExifTool ya mayar da ranaku da bayanan cikin hotunan. Martanin dangi kuma, ni shawarata ki zauna ki zaɓi waɗanda suka fi taɓa miki zuciya, ki ɗauki hoton fuskar kwamfutar da su a jiki, domin da wuya su bi ki zuwa sabon gida.

Game da inda za ki koma, ki fara da lissafi. Idan muka ƙaddara kowane hoto megabait 3 ne, dubu shida sun kai gigabait 18, ban da bidiyo, wanda shi ne ke cinye wuri da gaske. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma da Gmail da Drive ake raba shi, iCloud na Apple kuma gigabait 5 ne. Kin ga ke nan kyauta ba za ta ɗauke ki duka ba, sai dai ki biya, ko ki ɗora zaɓaɓɓu kawai ki bar sauran a faifanki. Ni na fi karkata ga na biyun, domin babu kakar da ke buƙatar hoto goma sha biyu na yaro ɗaya yana hamma. Idan tsohon shafin yana cikin waɗanda ke tura kaya kai tsaye zuwa wani, kamar yadda Facebook da iCloud ke iya turawa zuwa Google Photos, hakan zai rage miki wahala da cin data, sai dai bai ɗauke miki sauke naki kwafin ba.

Ma'aunin da ya fi kowanne nauyi a wurina shi ne wayar mahaifiyarki. Shafin da ya fi kowane kyau, idan sai ta buɗe sabon asusu ta haddace kalmar sirri kafin ta ga jikokinta, to za ta gwada sau biyu ta haƙura, ke kuma ki yi ta ɗorawa ba mai kallo. Ki haɗa kundin gwaji na hotuna hamsin, ki tura mata, ki kira ta ki ji ko ta iya buɗewa ita kaɗai, ko rubutun ƙasa yana fitowa, ko tana iya mayar da martani. A nan ne kuma za ki duba wa ke iya gani. A shafuka da dama duk wanda ya samu mahaɗin kundi zai iya buɗe shi, ko da ba ke kika tura masa ba, saboda haka gayyatar mutane da sunan asusunsu ta fi tsaro inda hakan zai yiwu. Ki kashe nuna wurin ɗauka, ki kuma yi hattara da hotunan da ke nuna bajon makarantar yara ko lambar gida.

Akwai tarko guda da ya kamata ki sani kafin ki fara share waya. Manhajojin da ke daidaita waya da intanet madubi ne, abin da kika goge a nan zai iya gogewa a can. A iCloud, hoton da aka goge yana zama kwana 30 a kundin waɗanda aka share kwanan nan, daga nan ya tafi. Haka kuma asusun da aka yi watsi da shi ba amintacce ba ne, domin tun Disamba 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar da ta ba shi damar goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Tunda sun ce ko ki biya ko ki rage hotuna, ki fara saukewa a makon nan, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan lokaci ya ƙure, biyan kuɗin wata ɗaya ko biyu don ki yi aikin a natse ya fi gaggawa. Bayan kin sauke, ki gwada adadin da tsohon shafin ya nuna da wanda ke faifanki, ki buɗe 'yan hotuna daga kowace shekara, ki kunna bidiyoyi har ƙarshe don tabbatar ba su yanke ba. Sannan ki ɗora sanarwa ta ƙarshe a tsohon shafin cewa kin koma wuri kaza, ki bar asusun a buɗe na wasu watanni, domin akwai gwaggon da sai bayan wata uku za ta leƙo ta tambayi inda yaran suka shiga.