Amsa ga 'yar uwar da ke son zama kocin lafiya a Sakkwato

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki yi haƙuri amsar za ta yi tsawo don abin ya shafe ni kai tsaye. Kin ce kin ƙare karatu kina zaune gida, kin ga tallar wani kwas a intanet da ake biya da dala, wai in kin gama kin zama kocin lafiya, irin mai duba rayuwar mutum gaba ɗaya, cinsa da barcinsa da motsa jikinsa da damuwar da ke ransa, shi ne kike tambaya ko wagga sana'a za ta riƙe mutum a nan Sakkwato, kuma ko ki sai da 'yan kunnenki na zinari ki biya.

Aikin na gaske ne kuma ana buƙatarsa ƙwarai, ni ma shi nake yi. Amma don Allah ki bar zinarinki inda yake tukuna.

Ni asali ma'aikaciyar lafiya ce ta matakin farko, na yi shekaru a ƙaramin asibitin unguwa kafin in fara wanga aiki a gefe, kuma abin da ya tura ni shi ne abin da nake gani kullum. Mace za ta zo da hawan jini, an auna ya wuce 140/90, layi ya kai har waje, mai duba ta bai da lokacin da ya wuce 'yan mintoci, ya rubuta magani ya ce Hajiya a rage gishiri a rage ƙiba a dawo bayan wata ɗaya. Gaskiya ya faɗa mata. To amma ta koma gida tukunya ɗaya ce ake ɗorawa ta mutum goma sha, yau girkin abokiyar zamanta ne gobe na surukarta, maigida in miya ba ta ji magi ba sai an ji kansu, ita kuwa kunya ba za ta bar ta ta ce a ɗebar mata nata daban ba. Maganin ma da kanta ya daina ciwo sai ta aje shi, a ganinta ta warke. Wata ya zagayo ta dawo jinin na nan inda yake ko ya ƙaru. Tsakanin ranar da ta bar asibiti da ranar da za ta koma babu mai tambayarta ya ake ciki, to nan ne wurin aikinmu. Rakiya muke yi, likita ya faɗi abin da za a yi, ke ki zauna da mutum ku gano yadda zai yiwu a cikin gidansa da aljihunsa.

Kuma kada ki ɗauka surutu ne kawai. Akwai babban bincike da anka yi a Amurka, an fitar da sakamakonsa a 2002, a kan mutum sama da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda anka haɗa da mai bibiyarsu, sunka riƙa motsa jiki minti 150 a mako da nufin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, su kuwa waɗanda anka ba maganin metformin ya ragu da kashi 31. Ni abin da nake dubawa a ciki shi ne ba takarda anka miƙa masu anka sallame su ba, kowa da mai zama da shi yana kiransa yana bin sawunsa.

Bari in ba ki misali da wata baiwar Allah da na bibiya a wajen Mabera, mai ciwon suga. An ba ta takardar abinci da wani ya kwafo daga intanet, cike da abubuwan da ko sunansu ba ta taɓa ji ba, ta ninke ta sa ƙarƙashin katifa. Da na je ban ce mata komai a kan abinci ba, cewa na yi Hajiya ba ni labarin jiya tun daga asuba. Sai ga shi, koko da suga da ƙosai da safe, da hantsi fura kwano guda ita ma an zuba suga, rana shinkafa, da la'asar in baƙi sun zo lemon kwalba don ba ta iya ba baƙo ita ta ƙi sha, dare tuwo malmala biyu ta kwanta. Ba ta barci sosai saboda fitsarin dare da tunanin ɗanta da ya rasa aiki. Da na ce mata ta bar fura da mun rabu a ranar, wa zai raba Basakkwace da fura? Tambayarta na yi, cikin duk waɗannan wane ne kike ganin za ki iya taɓawa wanga mako? Ta yi shiru ta ce sugan cikin fura. Da shi munka fara. Daga baya ta rage yawan furar ta ƙara nono, tuwon dare ya koma malmala ɗaya da miya mai ganye da yawa, kwaɗon zogale da rama ya shigo da rana, bayan isha'i tana zagaya tsakar gida ita da jikarta kafin ta kwanta. Maganinta kuwa ko ƙwaya ban taɓa ba, da awonta ya fara sauka littafin da muke rubutawa ta ɗauka ta kai wa likitanta, shi ya duba ya gyara mata da hannunsa.

Wagga dabara ta tambaya da sauraro ita ce jarin aikin, kuma koyonta ake yi. Wani masanin halayyar ɗan Adam, William Miller, ya fara rubutu a kanta a 1983 a wajen aiki da mashaya giya, daga baya ta bazu cikin aikin lafiya. Mu nan mun saba da wa'azi, mai ilimi ya yi magana a ce to. Mutum zai ce miki to Malama, insha Allah, ya fita bai canja komai ba. Abin da ya furta da bakinsa cewa zai iya, shi yake riƙewa.

Yanzu maganar da ta fi damuna, iyaka. Koci ba likita ba ne. Ba ki gano cuta, ba ki rubuta magani, ba ki ce wa kowa ya aje maganinsa ko ya rage. Wlh na ga wanda anka ce wa ya bar ƙwayar hawan jini ya koma wani garin magani da tafarnuwa, ƙarshenta shanyewar ɓarin jiki ce, magidanci mai 'ya'ya ƙanana, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Zogale abinci ne mai kyau, habbatus sauda da zuma muna girmama su, amma wanda ke kan insulin ba ki da hurumin ce masa ya musanya. Dole ki san alamomin da in kin gani ba zama za ki yi kina ba da shawara ba, mota za a nema. Jini ya kai 180/120 ga ciwon kai mai tsanani ko gani ya dushe ko ƙirji na ciwo, baki ya karkace, hannu ya saki, ƙafar mai suga ta yi gyambo, mai ciki ta kumbura tana ciwon kai, duk waɗannan sai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ko Asibitin Ƙwararru ko mafi kusa, nan take. Haka wadda ta ce miki ta gaji da rayuwa, ba ta ci ba ta barci tana kuka ba dalili, ki saurare ta da kyau ki ƙarfafa mata addu'a amma ki haɗa ta da masana, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan Kware, kuma ki cire mata tsoron cewa zuwa can na nufin hauka.

Azumi ma wani babi ne. Duk shekara kafin Ramadan nake tura masu suga su ga likitansu a tsara masu shan magani, ni nawa shi ne sahur da buɗa baki, kada a sha ruwa da kunu mai suga da lemo da soye-soye a lokaci guda, a sha ruwa isasshe tsakanin magariba da sahur musamman in azumi ya faɗo cikin zafin nan namu da ke wuce digiri 40. Kuma su san in awon suga ya sauka ƙasa da 70, ga zufa ga rawar jiki, karya azumi ake yi, malamai ma sun yi bayanin rangwamen mara lafiya. Kwas ɗin waje ba zai koya miki yadda za ki faɗa wa dattijo ɗan shekara saba'in wagga magana ya karɓa ba.

To batun takardar shaida. A Amurka akwai hukumar NBHWC da ta fara shirya jarrabawar kocin lafiya a 2017, kwas ɗin da ba ta amince da shi ba ko a can bai da nauyi sosai, to ki fara bincika wanga naki yana cikin jerinsu ko a'a. A Najeriya kuwa babu hukumar da ke ba kocin lafiya lasisi kamar yadda likitoci da ma'aikatan jinya da mu ma'aikatan lafiyar al'umma muke da namu, ma'ana takardar ba za ta sa a ɗauke ki aiki a asibitin gwamnati ba, kuma Hajiyar Runjin Sambo ba za ta tambaye ki ita ba, abin da za ta tambaya shi ne ɗiyar wa ce, wa ta taɓa taimaka wa. Da ƙanwata ce ke uwa ɗaya uba ɗaya cewa zan yi ki sa kuɗin a karatun da ƙasar nan ta sani, ko fannin abinci mai gina jiki, ko aikin jinya, ko ki nemi kwalejin kimiyyar lafiya ta Sultan Abdurrahman da ke Gwadabawa ki yi karatun lafiyar al'umma na shekara 3. Sannan ki ɗora dabarun kocin a kai, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da darussa kyauta a intanet. In kin tsaya da ƙafafunki kina samu, lokacin ki sayi kwas ɗin dala in har yanzu kina so.

Kuɗi fa? Gaskiya da wuya a farko. Mutanenmu sun saba biyan abin da za su riƙe a hannu, kwalba ko ƙulli ko allura. Ki zauna da mace awa guda ki ba ta duk abin da kinka sani, in kin ambaci kuɗi sai ta ce to ai ba ki ba ni komai ba. 'Yan uwa da maƙwabta kuwa kyauta suke so kuma ba ki iya hana su. Shi ya sa da yawa masu fara wanga aiki ke zamewa su koma tallar kayan ƙarin kuzari na kamfanonin nan masu cewa kawo mutum biyu su ma su kawo biyu, da shayin rage tumbi da maganin wankin ciki. Nan kuɗin yake da sauri, ban musa ba. Amma ranar da abincinki ya dogara ga sayar da kwalba, shawararki ta daina zama don mara lafiya, kowa ya zo da kowace matsala kwalbar za ki miƙa masa. Kuma ki sani lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da anka rubuta, ki karanta jikin kwalbar da kyau za ki ga su da kansu sun rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Abin da ya yi mini aiki shi ne tsarin wata-wata maimakon kuɗin zama ɗaya. Ina da na'urar awon jini da ta awon suga da sikeli da tef na awon ƙugu, ina zuwa gida, ina kira a waya tsakanin ziyara, kowa da littafinsa, to mutum na ganin abin da yake biya. Waɗanda sunka fi biya ba tare da ja-in-ja ba su ne 'ya'yan da ke aiki Abuja ko Legas ko waje, hankalinsu na kan tsohuwa a gida suna son wanda zai riƙa leƙa ta ya tabbatar tana shan magani tana zuwa asibiti ranar da anka ba ta. Sai ma'aikata masu zaman ofis. Sai rukunin mata, kamar 'yan Islamiyya ɗaya ko 'yan adashi, kowa ta ba da kaɗan a haɗu a gidan ɗaya daga cikinsu, wanga ma ya fi daɗi don suna ƙarfafa juna, wata ta ce ni na rage magi na ƙara daddawa maigida bai ma gane ba, sai ki ga saura sun gwada. Duk da haka ban saki albashina ba sai da na ga abin ya zauna, ke ma in kin samu wani aiki ko koyarwa ce ki riƙe, kada ki saki reshe ki kama ganye.

Abu biyu kuma da ba a faɗa a talla. Na ɗaya sirri, garin nan kowa ya san kowa, in kinka shiga gidan mutane za ki ji abin da ko 'yan uwansu ba su sani ba, rikicin miji, bashi, rashin haihuwa, ranar da magana ɗaya ta fita ta bakinki ko kinka sa hoton wata a status ba izininta kin gama aiki a unguwar. Na biyu maigida, in matar aure ce ki tabbata da saninsa, in da hali ma a jawo shi ciki don shi ke cefane, shi zai yarda a sayo ganye da wake a rage lemon kwalba.

In kina son ki gwada kanki kafin ki kashe ko kwabo, ki nemi mutum biyu ko uku a danginku masu hawan jini ko suga waɗanda ke ganin likita, ki roƙi izininsu ki bibiye su wata uku kyauta. Ki sayi na'urar awon jini irin ta dantse, ki sa ma'aikaciyar jinya ta nuna miki yadda ake awo daidai, mutum na zaune ya huta minti biyar, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Ki riƙa rubuta komai, kada ki taɓa maganin kowa. In wata ukun ya cika ki dawo nan ki gaya muna yadda kinka ji da ranar da mutum ya karya duk abin da kunka shirya a gidan biki, ko kin iya komawa washegari da fara'a kun sake ɗaurawa. Ki yi mini magana ta akwatin saƙo in turo miki samfurin littafin bibiyar da nake amfani da shi. Allah ya yi miki jagora ya sa albarka.