Baffana zai dawo daga Kumasi, yaya zan mayar da labarin fim?

Tambaya: Ni mutumin Argungu ne, sana'ata ɗaukar bidiyon biki. Baffana ya tafi cirani Kumasi tun ba a haife ni ba, yanzu zai dawo da iyalinsa. 'Ya'yansa Tiwi, yaren Asantawan Gana, ya fi zama a bakinsu. Ina so in yi fim na gaskiya kan haɗuwar. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kawo su lafiya. Ranar isowa za a yi koke-koke da rungume-rungume, ka ɗauka, amma ba za ta ba ka fiye da minti 5 ba. Fim ɗinka yana cikin watannin da za su biyo baya, lokacin da 'yan taya murna suka watse, aka bar kaka da jikokin da ba su gama fahimtar juna ba.

Nan za ka zauna da kyamara. Hausar zangon Kumasi ba ta raba namiji da mace, yarinya ma “ya zo” ake ce mata, kuma ɓ da ɗ da ƙ sun faɗi daga bakin yawancinsu. Kaka kuwa Kabanci take yi, wato Hausar ƙasar Kabi. Wa ke yi musu tafinta? Wa ke dariya, wa ke jin kunya ya daina magana? Yaushe ƙaramin cikinsu ya fara mayar da gaisuwa daidai? Ka riƙa komawa gidan kowane mako, ka yawaita zama ba ka ɗauki komai ba, har su saba da kai. Kada ka taɓa cewa a maimaita kuka ko gaisuwa don ka makara. Wannan halin bidiyon biki ne, mai kallo kuma yana ganewa.

Tunda harshe ne jigon, sauti ya fi hoto. Ka sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, ka rufe shi da soso saboda iskar hunturu, a kashe janareto kafin hira. Wajen rubuta fassara a ƙasan allo kada ka gyara wa yaran Hausarsu, Tiwin kuma ka nemi wanda ya iya shi sosai.

Ka nemi tsofaffi. Hanyar nan ta daɗe, fataken goro sun bi ta zuwa Salaga da ke arewacin Gana tun ƙarni na 19, kuma a 1969 gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Gana. Wanda ya dawo a wancan karon zai faɗa maka abin da baffanka ba zai iya faɗa ba tukuna.

Batun izini ina so ka riƙe shi da gaske. Kasancewarka ɗan gida ba izini ba ne. Ka tambayi kowa shi kaɗai, musamman matar baffanka, domin ita ce ta baro danginta, ita ce baƙuwa ta haƙiƙa. Ka faɗa mata fim ɗin zai iya hawa YouTube, 'yan'uwanta a Kumasi su gani. Cikin gida ka ba ƙanwarka kyamara. Idan ka gama tacewa, iyalin ne za su fara kallo, abin da suka ce a cire a cire shi.