Akwatin sabwufa na situdiyo: kafinta ya ce a huda rami, in yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan situdiyo a ɗakina a Zariya, tsawonsa mita 4. Na sayi wufa, wato lasifikar bes, mai inci 12, ina so in haɗa mata akwati. Kafintan da ke yi wa masu kiɗan biki akwatuna ya ce a yi babba, a huda rami a gaba, bes zai girgiza ɗaki. Da kyar na tara kuɗin nan, ina tsoron asara.

Amsa: Wa'alaikumussalam, ɗan'uwa. Tsoronka yana kan hanya, kada ka bari a sa zarto a katako tukuna.

Fara nemo takardar wufar, ka duba lambobi uku: Fs (sautin da wufar ta fi saurin girgiza a kansa), Qts (yadda take tsayar da girgizarta) da Vas (laushinta, da ake aunawa da lita). Su ne ke yanke girman akwati, faɗin inci 12 ba ya gaya maka komai. Misali, wufar da Qts ɗinta 0.4 ne, Vas kuma lita 80, rufaffen akwati mai kusan lita 38 take so don sautinta ya fito daidai. Manhajar WinISD kyauta ce, za ta yi maka lissafin. In mai kaya ya ce babu takarda, nemi lambar samfurin a intanet kafin ka kashe ko kwabo a katako.

Sai batun ramin nan, wanda kullum shi nake fama da shi. Ramin akwati bututu ne da ake auna tsawonsa da faɗinsa don ya dace da mita guda ta sauti, wato yawan girgizar sautin a daƙiƙa, wanda ake aunawa da Hz. Ba a huda shi da ido. Kafinta ya ɗauko guntun bututun ruwa ya cusa, ya kunna waƙa, kwanukan rufi suka yi kara, kowa ya ce "wallahi akwai bes". Abin da suka ji nota ɗaya ce ta kumbura ta danne sauran. A filin biki wannan ya wadatar, amma kai aikinka haɗa sauti ne. Akwatin da ke ƙara maka bes na ƙarya zai sa ka riƙa ragewa, waƙar ta je wayar mai saurare ta fito siririya kamar an tace ta. Ga haɗari kuma: ƙasa da mitar da aka saita ramin, iska ba ta riƙe wufar, sai ta yi ta dukan banza. An sha kawo mini irinsu, bakin wufar ya yage, wayar cikinta ta ƙone, ƙauri na tashi, mai ita yana rantsuwa amfilifaya ce ta yi masa. Ramin da ba a lissafa ba ne ya ci kuɗinsa. Kuma da ciwo ka ga wanda ya lalata kayan shi ne ake kira injiniya a unguwa.

Shawarata ka yi rufaffe. Yana yafe ƙaramin kuskure, bes ɗinsa kuma tsaf yake tsayawa, ba ya jan wutsiya. Nemi MDF, wato katakon da ake matsawa daga garin itace, mai kauri milimita 18, ka ninka fuskar gaba, ka sa tokare a ciki don bango ya daina rawa. Gam na katako a kowace mahaɗa, sannan sukuru, sannan silikon ta ciki, ka bar shi ya bushe kafin ka ɗaura wufar. Zuba audugar matashi sako-sako. Ka shafe akwatin da fenti ka ɗaga shi daga ƙasa, don MDF da danshin damina ba sa shiri. Gwaji: danna wufar a hankali da yatsu, ka kasa kunne a mahaɗu, in ka ji tsiyayar iska, akwai kafa.

Ɗakinka ma yana da nasa. Tsawon mita 4 yana kumbura sauti wajen 43 Hz, don haka kada ka cusa akwatin a lungu. Ɗora shi a kujerar da kake zama, kunna bes, ka bi gefen bango da rarrafe. Inda ka ji notoci sun fito daidai wa daida, nan ne mazauninsa. Saita rabon sauti a 80 Hz, wato abin da ke ƙasa da haka kaɗai ya je wufar, ka rage ƙara har ka daina gane inda akwatin yake.